Hannun Oga Daniel

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe bakwai da rabi, bayan magariba

Ba zan rubuta abin da na faɗa yau a layi ba. An riga an ji, maimaitawa ba za ta ƙara kome ba. Abin da zan rubuta shi ne, allo uku cikin shida sun sake dawowa a mace.

Shekara biyu da rabi ke nan ina kan Gyaɗa, ƙwaƙwalwar da na zana da hannuna, wadda za ta zauna cikin aisi guda, ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da ke cikin kayan lantarki, ta tafiyar da rediyo da fitila da katin waƙa a ɗan akwatin da Madam Uchechi take son ta daina sarowa daga waje ta riƙa haɗa nata. Ita ta raɗa mata sunan, wai ƙarama ce kuma 'yar Kano ce. Ita ta ba ni ɗakin da ke saman shagonta a layin 'yan rediyo, ita ta samo mana gurbi a masana'antar da za ta buga aisin. Ranar 30 ga wata za mu tura zanen. In ranar ta wuce sai baɗi. In kuma aka buga da kuskure, ba a gogewa, guda dubu biyu za su iso mana kowanne da kuskurensa a ciki.

Kafin nan muna gwada zanen a kan allunan lantarki shida masu aisin gwaji da Oga Daniel ya liƙa mana da dalma. A shago lafiya lau suke, daga buɗe kasuwa har tashi ba ko tari. Da an ba wani ya tafi da shi gida, sai ya dawo da shi shiru kamar dutse. In kashe in kunna, ya farka yana waƙa kamar ba shi ba. To me ke tsakanin shago da gida in ban da Adaidaita Sahu da ramukan titi? Girgiza ce, dalma ce ba ta kama ba. Ko ɗan firamare ya san wannan.

Ban yi nadama ba. Kaina ne kawai ke ciwo.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Madam ta hau sama ta rufe ƙofa ta wanke ni tas, da Hausarta ta 'yan Sabon Gari da ta fi tawa kaifi. Wai shekara talatin da huɗu Oga Daniel yake kan teburinsa, wai shi ya gyara rediyon da aka yi sanarwar sunana da ita ma ba mamaki. Wai in ina da magana me ya hana in kira shi sama, sai a tsakiyar layi, da azahar, lokacin da kowa ya fito cin abinci.

Na ce mata ban zage shi ba. Cewa kawai na yi hannunsa ya fara rawa, ya bar wa masu ƙarfin ido aikin. Ina zagi a nan?

Ta dube ni ta ce, “Fanta, da kin zagi uwarsa da ya fi masa sauƙi. Mai gyara ba shi da jari sai hannu.”

Ni dai na ce ina da aiki.

Alhamis, 8 ga Mayu, da safe

Ya gaishe ni. “Injiniya, an tashi lafiya?” kamar kullum. Wannan ma ai neman magana ne.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Na ba Abdulƙahhar, mai teburin da ke kallon na Oga Daniel, ya liƙa min sababbin alluna uku. Ya karɓa yana washe baki har kunne, ya ɗaga su sama yana dubawa a rana don duk layi su gani. Ban ce masa ya yi haka ba. Mutane wallahi ba su da ta ido.

Na bar ɗaya daga cikin tsofaffin allunan a gida wajen Baba, tunda rediyonsa ta lalace kuma ba ya iya wuni ba labarai. Yau da na dawo ya ce min abin nan nawa yana barci da yamma. Na ce na sani, Baba, dalma ce. Ya ce shi dai bai taɓa shi ba, a kan taga yake tun jiya. Na ce to iska ce ta motsa shi. Ya ce wace iska a wannan zafin na Fagge? Na shige ɗaki.

Saura kwana ashirin da ɗaya.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Allunan Abdulƙahhar sun wuni a shago ranar Asabar garau. Na ce alhamdulillahi, gaskiya ta yi halinta. Madam ta tafi da ɗaya gida jiya Lahadi, ta kunna kafin ta tafi coci ta bar shi a falo.

Yau ta shigo ta ajiye min shi a gabana. A mace.

To ai sai me? Abdulƙahhar ma ba wani gwani ba ne, kowa ya san dalmarsa kamar kashin awaki take. Mutum biyu suna iya yin aikin banza a layi ɗaya, ba yau aka fara ba.

Litinin ɗin dai, ƙarfe shida saura

Zafi ne. Ina kyautata zaton zafi ne.

Laraba, 14 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Ba zafi ba ne. Na sa allo a kan rufin kwano tun hantsi har la'asar, har ba ya taɓuwa, yana ta zuba waƙa abinsa. Na sa wani a cikin kular ƙanƙarar mai sayar da zoɓo, ita ma tana min kallon taɓaɓɓiya. Na ɗauki wani na hau Adaidaita Sahu daga Kasuwar Sabon Gari zuwa tashar jirgin ƙasa, na ce wa direba ya bi duk ramin da ya gani, ya ce Hajiya lafiya? Muka je muka dawo, ƙashin bayana ya ji jiki, allo ko gezau.

Abin da ke ƙona min rai shi ne ba ya mutuwa a gabana. Na zo da shi gida jiya, na kunna bayan magariba, da safe na tarar da shi yana raye, na kashe na sa a jaka. Kamar yaron da ba ya ɓarna sai uwarsa ta fita.

Na leƙa ta taga ɗazu. Wata mata ta zo da waya ta tsaya a teburin Oga Daniel, wani ya raɗa mata wani abu, ta tsallaka wajen Abdulƙahhar. Shi kuwa ya ci gaba da goge tabaransa. Ba ruwana, kasuwa ce, kowa da rabonsa.

Alhamis, 15 ga Mayu, da rana

Ba batir ba ne. Ba kati ba ne. Na duba zanen daga sama har ƙasa sau biyu, babu kome. Dama na san babu.

Juma'a, 16 ga Mayu, ƙarfe shida da kwata na yamma

Shugaban layi ya sake hawowa sama ya zare min soket ina tsaka da gwaji. Kullum haka, shida daidai a kashe janareta, a bi shago shago a zare duk wata waya, ko batir ba a yarda a bar shi a kunne ba, tun gobarar da ta cinye layin baya. Na ce masa Alhaji minti goma kawai. Ya ce ko 'yar gwamna ce ni, wuta ba ta san injiniya ba. Na yi tsaki a zuci na tattara kayana.

Madam ta tare ni a matakala ta tambaye ni ko za mu tura ko ba za mu tura ba, ta ce in gaya mata gaskiya don ta san abin da za ta faɗa wa mutanen da ta yi wa alkawari. Na ce za mu tura. Ta ce da ciwon a ciki? Na ce ciwon ba a cikin zanena yake ba. Ta ce to a hannun wa yake yanzu, tunda an canza hannu?

Matar nan ba ta san inda ake tsayawa da magana ba.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan isha'i

Baba ya hana ni cin tuwo cikin kwanciyar hankali. Wai shi fa ya lura da abin nan, ba barcin gajiya yake ba, lokaci yake da shi. Kullum yana kunna shi shida da rabi don labaran safe, kullum kuma yana ɗaukewa daidai sanda ya miƙe zai ɗauki buta don alwalar magariba. Na ce Baba, ka bar ni da abin da na karanta. Ya ce shi bai karanta ba, amma shekara talatin ya yi yana aikin jirgin ƙasa, ya san bambancin abin da ya lalace da abin da ke bin jadawali.

Sai ya ce ranar Talata da ya makara saboda jana'izar maƙwabcinmu, bai kunna ba sai takwas, ranar kuwa har aka yi magariba yana magana, sai da aka kira isha'i ya yi shiru.

Na ajiye cokali. Ban so na ji wannan ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Yau babu kasuwa. Na kunna allon Oga Daniel shida daidai, na kunna na Abdulƙahhar shida da rabi, na jera su a kan tabarma a tsakar gida, na hana kowa ya matso. Don in rufe wa Baba baki kawai nake yi.

Lahadi, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na farko ya mutu shida saura minti huɗu. Na biyu shida da minti ashirin da shida.

Lahadi, bayan magariba

Awa goma sha biyu ba minti huɗu. Ko biro ban ɗauka ba, na san lambar, da hannuna na sa ta.

A cikin Gyaɗa akwai wani ɗan ma'aji da ke ƙirga lokaci, sau dubu ɗari a daƙiƙa. Don kada ta sha batir, na koya mata ta riƙa rintsawa tsakanin aiki da aiki, ta ce a tashe ta in ƙirge ya wuce lamba kaza. To ma'ajin yana da iyaka. In ya cika sai ya koma sifili, kamar mitar tsohuwar mota. Ita kuwa tana kwance tana jiran lambar da ke gaba, ƙirge ya koma baya ya bar ta. Wannan a aji biyu na jami'a ake koyar da shi. Ni ma na koyar da shi, har na kayar da ɗalibai a kansa.

Kuma ta yaya zan gani? Ana tayar da janareta takwas da rabi, a kashe shida. Shekara biyu da rabi, Gyaɗa ba ta taɓa yin awa goma a farke a shago ba. Kullum shugaban layi yana zuwa ya zare soket ya rufa min asiri, ni kuma ina bin sa da tsaki. A gida ma in kunna da magariba in kashe da safe, awa goma sha ɗaya. Kai, Fanta. Allah ya shirye ki.

Baba ya leƙo ya tambaya ko an gano. Na ce an gano. Bai ce ai na faɗa miki ba, ya dai ɗauki butarsa yana murmushi, wanda ya fi faɗar ciwo.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Gyaran layi biyu ne na rubutu a cikin zanen. Minti goma bai kai ba.

Laraba, 21 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Alluna shida a gida, awa arba'in suna aiki ba tsayawa. Duka na Oga Daniel ne. Na sa madubin ƙara girma na bi dalmarsa ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa in samu guda da ta karkace. Ƙafa ɗari da arba'in da huɗu a kowane aisi, kowace tana sheƙi, a jere kamar haƙoran mataji. Ko guda ɗaya, don in samu abin riƙewa. Babu.

Alhamis, 22 ga Mayu, da rana

Na gaya wa Madam an gyara. Ta daka tsalle ta rungume ni, sannan ta ce me ya faru? Na ce wani ɗan abu ne. Ta ce ɗan abu a ina? Na ce a ciki. Ta ce cikin me? Na ce Madam ina da sauran gwaji.

Ai ban yi ƙarya ba. Kuma wa zai gane ko na yi bayani? Duk layin nan babu wanda ya san bambancin ma'ajin ƙirge da ma'ajin gawayi. In na yi shiru, zane zai tafi, aisi zai zo, kowa ya ci riba, a manta. Ana manta abin da ya fi wannan a kasuwa.

Juma'a, 23 ga Mayu

Ban sauka ta matakalar gaba ba. Ta baya ta fi kusa da titi, shi ke nan dalili.

Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Tun safe nake ƙirgawa ta taga, ban san me ya sa ba. Mutum goma sha ɗaya wajen Abdulƙahhar. Wajen Oga Daniel mutum ɗaya, shi ma fanka ya kawo a canza mata waya. Mutumin da ake kawo wa aiki daga Zariya da Katsina, yau shi ne mai gyaran fanka.

Har yanzu in ya hango ni sai ya ɗaga hannu. Da zai daina gaishe ni da na samu sauƙi. Wallahi haushinsa nake ji, kuma na san ba shi da laifi, wannan ma wani haushin ne.

Na ba Baba labarin duka jiya da dare, ban da abin da na faɗa a layi. Ashe ya ji tun makon farko, a masallaci. Ya ce min abin da aka ɓata a kasuwa ba a gyara shi a ɗaka. Na ce na ji. Ya ce bai ce ban ji ba.

Laraba, 28 ga Mayu, da safe

Gobe.

Alhamis, 29 ga Mayu, da safe

Jiya ma gobe na ce.

Juma'a, 30 ga Mayu, ƙarfe bakwai da rabi, bayan magariba

Mun tura zanen sha ɗaya da minti goma. Madam ta yi rawa, ta aika a sayo lemo. Na jira in ji daɗi, ban ji kome ba sai yunwa.

Bayan an sauko daga masallaci, layi ya cika, kowa da kwanonsa, na sauka ta matakalar gaba na tsaya daidai inda na tsaya ranar. Na ɗaga allon sama. Muryata ta fita sama da yadda na so. Na ce musu ciwon allunan nan a cikin zanena yake, ni na yi kuskuren, kuma kuskure ne na 'yan koyo. Na ce na bi dalmar Oga Daniel da madubi ban samu aibu ko ɗaya ba. Da na ga wasu suna murmushi sai zuciya ta ɗebe ni na ƙara, na ce wallahi tallahi hannunsa ba ya rawa, ƙarya na yi masa, duk Kano babu hannu irin nasa. Abdulƙahhar ya sunkuyar da kai yana neman wani abu a aljihun tebur. Shugaban layi ya ce madalla, haka ake so. Aka watse.

Na je na durƙusa gefen teburinsa na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe tun ranar, in tashi kada zanen jikina ya kwashi ƙasa. Ya jawo min benci. Sai ya waiga hagu da dama, ya sauke hannunsa na dama ƙarƙashin tebur inda ni kaɗai zan gani, ya buɗe yatsun.

Rawa yake. Ba kaɗan ba.

Ya ce shekara guda ke nan. Da safe ya fi sauƙi, shi ya sa yake yin ƙananan ayyuka kafin sha ɗaya, yana dafe gwiwar hannunsa da tsohon littafi, yana riƙe numfashi a kan kowace ƙafa. Allunana shida kwana tara ya yi a kansu, aikin da a da yake gamawa a wuni biyu. Ko matarsa bai gaya wa ba. Ranar da na faɗa a layi ya ɗauka na gani ne, shi ya sa bai musa ba.

Na rasa inda zan sa idona. Na ce ban gani ba, Oga, haushi ne kawai ya sa na faɗa. Ya ce ya sani yanzu.

Muna cikin haka wani Alhaji ya tsallako da waya mai tsada, ya ce ya ji abin da injiniya ta faɗa, aisin caji ne ya ƙone, kuma ba ya son kowa ya taɓa sai shi. Bayansa ga wasu mutum biyu sun tsaya da nasu wayoyin. Ƙarfe uku na rana, lokacin da hannun ya fi tsananta. Oga Daniel ya karɓi wayar da hannun hagu, ya ce a dawo biyar da rabi. Da Alhajin ya juya, sai ya tura min ƙarfen dalma da madubi gabana, ya matso da kujerarsa yadda bayansa zai tare mu daga layi.

“'Yata,” ya ce, “kin rantse da Allah a kan hannun nan a gaban mutane. To zauna. Ni zan gani, ke ki liƙa.”

Sau uku yana sa ni warwarewa, wai dalmata ta yi yawa. Mun gama ta Alhajin biyar da ashirin. Sauran biyun suna cikin aljihun tebur, ya ce in sauko gobe kafin azahar.